Bayan An Ajiye Aiki, Sai Me?

Ranar Asabar bayan la'asar hirar majalisarmu a Gwammaja ta faɗa kan ritaya. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki ne idan ya kai shekara 60, ko ya yi shekara 35 yana aiki, kuma kusan kowa ya san wani da ya bar Sakatariyar Audu Bako da ƙarfinsa, ba a jima ba zaman gida ya karya shi.

Abin da dattawan suka fi nanatawa shi ne kada mutum ya wayi gari ba wanda ke jiransa. Wani tsohon malamin firamare ya ce tun da ya fara koya wa yaran Islamiyya lissafi, barcinsa ya daidaita. Wani kiwon tumaki ya kama, wani kuma noman rani a Kadawa. Ni dai na malamin ya fi kwanta mini, domin kaɗaici ma cuta ne.

An daɗe ana tattaunawa kan tafiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Tsoka tana raguwa da shekaru, yawan zama kuma yana buɗe wa hawan jini da ciwon suga ƙofa. Shawarar Baba Alhaji: a taka zuwa masallaci mai ɗan nisa, a rage hawa adaidaita sahu.

Kuɗin garatuti kuwa, an ce kada a juye shi duka a Kantin Kwari in ba a san harkar atamfa ba.