Goge, cire ko tumɓuke? Neman kalmar Hausa ga "uninstall"

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya, kuma ba don ƙawa nake nemanta ba. Shekaranjiya ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, manhajar nan da ka ce in goge, na goge ta amma ta ƙi tafiya." Na ce ta yaya kika goge ta? Ashe Program Files ta shiga, ta kama foldar manhajar ta jefa kwandon shara, ta kuma zazzage kwandon. Ga sunan manhajar nan daram a jerin manhajoji, in ta danna don ta fitar da ita sai kwamfuta ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni ne na ce "ki goge". Abin da na ce ta yi, shi ta yi.

To me za mu riƙa cewa a maimakon uninstall, wato fitar da manhaja daga kwamfuta? Kafin ku kawo shawara, bari in faɗi abin da aikin ya ƙunsa, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

Idan aka girka manhaja a Windows, wato aka yi install, ba wuri ɗaya take zama ba. Manyan fayilolinta suna foldar Program Files, saitunan mai amfani suna foldar AppData, sannan tana rubuta bayananta a rajistar Windows, wato kundin da Windows ke ajiye saituna a ciki. Wata ma tana kafa ɗan aikin da zai riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. A cikin rajistar akwai wani sashe mai suna Uninstall, a nan kowace manhaja take barin sunanta da adireshin ƙaramin fayil ɗin da zai fitar da ita in ranar ta zo. Manhajoji da yawa suna kiran wannan fayil unins000.exe, kuma yana zaune ne a cikin foldar manhajar kanta. Jerin da kake gani a Control Panel ko a Settings daga wannan sashe ake karanto shi. Kun ga abin da ƙanwata ta yi ke nan: ta kori mai kwashe kayan, ta bar kayan a warwatse.

Saboda haka ni dai "goge" ta fita daga takara. A bar ta a kan fayil, hoto da saƙo.

Wata malamar Hausa ta amsa:

Ɗan'uwa, tunda kun yarda da "girka", ai kishiyarta a shirye take. Ana girka tukunya, ana sauke ta. Me ya sa ba za a ce sauke manhaja ba?

Malama, wallahi a kunne babu wadda ta kai wannan daɗi, kuma da mu ne na farko a fagen da na bi ki. Matsalar ita ce an riga mu. Yau in kika ce wa matashi ya sauke manhaja, intanet zai shiga ya ɗauko ta, domin "sauke" ta zama kalmar jawo abu daga intanet zuwa waya ko kwamfuta. Ki duba mutumin da aka ce wa "sauke manhajar nan, ita ke cinye maka wuri", ya je ya ƙaro ta biyu. Kalma ɗaya ba za ta yi shigo da kaya da fitar da su a ƙofa ɗaya ba.

Akwai wanda ya kawo "share". Wannan ba za mu daɗe a kanta ba. In ka ce "share shi kawai", rabin masu jinka za su fahimci ka ƙyale shi ne. A rubuce kuma ta yi kama da kalmar Ingilishi ta raba abu ga jama'a, wadda ke kan kowane allo. Mutum ya zo fitar da manhaja ya ɓuge da tura wa abokai.

Wani mai gyaran kwamfuta ya ce:

Malam, ni "kwance" nake gani. Makanike yana kwance inji, noti bayan noti, yadda aka ɗaure haka ake bi a warware. Aikin ke nan. Fayil ɗin nan da ka ambata yana da ɗan'uwa a gefensa, unins000.dat, a ciki aka rubuta duk abin da aka ajiye lokacin girkawa, shi ake bi ana kwashewa ɗaya bayan ɗaya.

Maigida, a wajen bayanin aiki ka fi kowa gaskiya, kuma na ƙaru. Abin da ya hana ni ita rubutu ne. Ba ma sa alamar karin sauti a rubutunmu na yau da kullum, don haka "manhaja kwance" da "kwance manhaja" sai mai lura. Wanda ya ga "Kwance" shi kaɗai a kan maɓalli zai iya zaton ana nufin manhajar ta kwanta ne. Ni da za a bi tawa, a ajiye "kwance" don buɗe ƙunshin fayilolin da aka matse irin na zip, can ta fi zama, kamar kwance ƙullin kaya.

Tunda kana nan, ga tambayar da ta haifi zancen. Manhaja ta ƙi fita, ina ake farawa?

Ya ce:

Da mafi sauƙi. Sau da yawa manhajar tana aiki ne a ɓoye, Windows kuwa ba ta yarda a taɓa fayil ɗin da ake amfani da shi. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki, zai buɗe, ka nemo ta ka tsayar da ita, ka sake gwadawa. In ka ga kuskure mai lamba 1618, wani aikin girkawa ne ke gudana, galibi sabuntawar Windows ce, sai ka jira ko ka sake kunna kwamfutar. A nan mutane ke kuskure: tun daga Windows 8 na 2012, kashewa da kunnawa ba ɗaya suke da Restart ba, domin in an kashe, kwamfutar tana adana wani ɓangare na halin da take ciki don ta tashi da sauri. Restart ne ke farawa daga tushe. Sannan ka tabbata asusun da kake ciki yana da izinin admin, wato mai cikakken iko da kwamfutar, in ba haka ba komai dannawarka ba za ta fita ba.

Mai wuyar ita ce irin ta ƙanwarka. Maganinta yana ba mutane dariya: ka sake girka manhajar, irin sigar da aka girka da farko, a wurin da take da, sannan ka fitar da ita ta hanyar da ta dace. Girkawar ce za ta dawo da fayil ɗin da aka jefar. Manhajojin da ke bi ta Windows Installer, wato sashen Windows mai aikin girka manhaja, kuwa, kwafinsu yana ɓoye a C:\Windows\Installer. Masu neman wuri a faifai sukan ga foldar ta yi ƙiba su kwashe ta, daga ranar sai kuskure 1612, wato an nemi tushen manhajar an rasa. Kada a taɓa foldar nan. Microsoft tana da ɗan kayan gyara na matsalar girkawa da cirewa, akwai kuma umarnin winget uninstall ga wanda ba ya tsoron baƙin allon rubuta umarni. Wasu sukan ruga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kaɗai, ba su san Windows Installer ba ya tashi a can ba sai an yi masa dabara. Manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta kuma da gangan aka yi ta da taurin kai, don kada ɓarawo ya fitar da ita cikin sauƙi, shi ya sa manyan kamfanoninta suke da nasu kayan cirewa na musamman a shafukansu.

Kun lura da abin da ya faru? Maigidan da ya zo kare "kwance", da bayani ya yi zafi sai ga "cirewa" tana fita daga bakinsa har sau biyu. Ni ma tun ɗazu nake ta kewaye-kewaye da "fitar da" don kada in yanke hukunci da wuri. "Cire" ce kalmar da harshe ke zamewa kanta. Gajeriya ce, ta isa maɓalli, babu mai ruɗa ta da wani aiki. Wanda ya cire ƙaya ko ya cire batir ya san abin yana da mazauni, kuma akwai yadda ake zare shi. Aibinta ɗaya, ta yi faɗi: ana cire kati, ana cire suna daga rukuni. Amma in an ce "cire manhaja" magana ta ƙare.

Sai dai "cire" ba ta ɗauke duka kayan ba, kuma a nan ne nake son mu ɗan tsaya. Ko an cire manhaja lafiya lau, takan bar ɓurɓushi: folda a AppData, 'yan layuka a rajista. Wani lokaci da niyya ne, don in ka dawo da ita ka tarar da saitunanka. Masu Linux, wani tsarin kwamfuta dabam da Windows, sun daɗe da raba ayyukan biyu. Umarnin apt remove yana fitar da manhaja ya bar fayilolin saitunta, apt purge kuwa yana haɗawa da su. A Windows, kayan aiki irin su Revo Uninstaller suna cirewa, sannan su bi sawu su tsince ragowar. Wannan aiki na biyu shi nake ba wa "tumɓuke". Ba a tumɓuke abu a bar saiwarsa a ƙasa. Kalmar tana da nauyi, kuma ya dace ta yi nauyi, domin mai shiga rajista da hannu yana iya tumɓuke abin da ba shi ya shuka ba, kwamfuta ta ƙi tashi. Kafin a shiga, a ajiye kwafin rajistar ko a kafa wurin komawa na System Restore, mai mayar da Windows yadda take a baya.

Wani ya jefo "tsige", ya ce manhajar da ta ƙi sauka daga kujera ai sai majalisa. Na yi dariya, amma a bar wa 'yan siyasa kayansu.

Malamar ta dawo ta ce ta yarda da cire da tumɓuke, amma ta tambayi na wayar Android, waɗanda ke zuwa da waya kuma babu maɓallin cire su sam. Malama, waɗannan ba cire su ake yi ba, hana su aiki ake yi suna nan zaune, don haka "dakatar" ta wadatar.

Na koma kan kwamfutar ƙanwata da yamma. Muka sake girka manhajar, muka shiga Settings muka cire ta, bai kai minti biyar ba. Ta ce, "Yaya, shi wannan ɗan fayil ɗin da na jefar, me sunansa da Hausa?" Na ce tunda muna da mabuɗi daga buɗe, da matsefi daga tsefe, sai mu ce maciri. Ta ce ita dai maciji ta ji, kuma ba za ta danna shi ba. Wanda yake da abin da ya fi wannan, bismillah.