Yadda ake ba zomo magani idan ya ƙi sha

Masu kiwon zomo da suka tattauna batun sun amince a fara naɗe shi cikin tawul, a kuma zauna a ƙasa, domin idan ya fizge daga hannu yana iya karya ƙashin bayansa. Sai a zura sirinji marar allura ta giɓin da ke bayan haƙoran gaba, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan har ya haɗiye, ba tare da an kwantar da shi rigingine ba, gudun sarƙewa. Wasu suna cuɗa maganin da ayaba, dabarar da a ganina ba ta da tabbas, tunda ba lallai ya cinye duka ba. Amoksisilin kuwa, wato wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan aka ba zomo ta baki yana iya kashe shi.