Me marar addini yake nema a cikin littafin addini?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta hana karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati, amma a cikin hukuncin nan ta ce babu laifi a koyar da shi a matsayin tarihi da adabi. Shin wannan ba tufka da warwara ba ne? Kuma wanda bai yarda da samuwar Allah ba, me zai kai shi ga littafin da bai gaskata ba?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babu tufka da warwara, domin abin da kotun ta duba shi ne wanda ya sa a yi karatun da kuma manufarsa. Dokar jihar Pennsylvania ta wajabta karanta aƙalla ayoyi 10 kowace safiya kafin a fara darasi, wato gwamnati ce da kanta take jagorantar ibada, kuma wannan ne alƙalai 8 cikin 9 suka ce ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Iyalin Schempp da suka kai ƙarar ma suna zuwa coci. Madalyn Murray ta Baltimore, wadda aka haɗa ƙararta da tasu, ita ce ba ta da addini. Saboda haka raba mulki da addini daban, rashin imani daban. Ko a Nijeriya, sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, alhali masallatai da coci-coci a cike suke.

Mai Bibiya:
Malam, a gafarce ni, an bar tambayarta ta biyu. Da yawa daga cikin marasa addini a gidajen masu addini suka tashi, kuma sai da suka yi ta nazari da muhawara kafin su fita. A binciken da cibiyar Pew ta yi a Amurka a 2010, waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba da masu shakkar samuwarsa ne suka fi kowane rukuni amsa tambayoyi 32 na sanin addinai, har suka zarce Kiristocin da ke zuwa coci. Wasunsu suna karatu ne don neman abin suka, wasu kuma don sun san ba za a fahimci dokoki da adabin Turai ba sai da Baibul.

Malamin Tarihi:
Haka ne, sai dai a lura cewa tambayoyin nan na sanin sunaye ne da tarihi, irin su wane ne ya jagoranci fitowar Bani Isra'ila daga Masar. A ganina, mai karatun neman kuskure yakan tsinci aya ya bar tafsirin da mabiya suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi mata, shi ya sa muhawararsu da malaman addini ba ta cika zuwa ko'ina ba.