Jirgi ɗaya zai iya toshe Bahar Maliya?

Alhaji Ɗanlami, Maigatari: Salamu alaikum. Ana cewa in 'yan Huthi na Yaman suka nutsar da babban jirgi ɗaya a mashigin Babul Mandab, an rufe Bahar Maliya ke nan. Ni dai na yarda. Ba haka aka yi a 2021 ba?

Malam Sabo, Gumel: Wa alaikumus salam. Alhaji, ƙofa biyu ka haɗa. Na 2021 a Suwez ne, ƙofar arewa, hanyar da mutum ya haƙa, kilomita 193. Jirgin da ya maƙale, Ever Given, tsawonsa mita 400, ya fi faɗin ruwan wurin, shi ya sa da ya gitta aka yi kwana 6 ba wucewa. Babul Mandab kuwa a kudu yake, Yaman a gefe guda, Jibuti da Iritiriya a ɗaya gefen. Tsibirin Mayyun ya raba shi biyu. Ɓangaren Yaman faɗinsa kamar kilomita 3 ne, zurfinsa kamar mita 30. Babban ɓangaren ya haura kilomita 20, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 300. Jirgi ya nutse a nan, ta kansa za a bi.

Injiniya Habu, Haɗeja: An ma gani. Jirgin Rubymar da 'yan Huthi suka harba a Fabrairun 2024 ya nutse a Maris da taki kusan tan 21,000. Hanya ba ta toshe ba.

Alhaji Ɗanlami: To me ya kori jiragen, har suke zagayawa ta Afirka ta Kudu?

Injiniya Habu: Tsoro da inshora, ranka ya daɗe. Kuɗin inshorar yaƙi ya tashi, ma'aikatan jirgi suka ƙi shiga, kamfani ya ga ƙarin kwana goma ko fiye ya fi masa sauƙi. Amma Malam, kai ma ka sauƙaƙa abin da yawa. Ba duk faɗin nan ake bi ba. Gefuna duwatsun murjani ne, manyan jirage layi biyu aka shata musu, na shiga da na fita, kuma mai harbi daga gaɓar Yaman ya san inda za su bi. Ga nakiya: a 1984 an zuba ta a tekun nan, ta lalata jirage fiye da goma.

Malam Sabo: Wannan hana wucewa ne, ba toshewa ba. Maganar Alhaji toshewa ce.

Injiniya Habu: Ga mai kaya duk ɗaya ne.

Hajiya Ladi, Kazaure: Ku bar ni da 'yan kasuwar da ke laƙa wa tekun nan kowane ƙarin farashi. Kayan Sin zuwa Legas dama ta ƙasan Afirka suke zuwa. Riɗinka, Alhaji, in Turkiyya za shi, Atilantika zai bi ya shiga ta mashigin Jibralta.

Alhaji Ɗanlami: Hajiya, ai kwantena ɗaya ce ke yawo duniya. In ta daɗe a hanya, ta yi ƙaranci a Apapa, mu kuma a ƙara mana kuɗin dako.