Wasan dabarun da kuka saya na ƙarshe, me ya ja ku gare shi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Yadda dala ta yi tsadar nan, sai na daɗe ina juya abu a raina kafin in sayi wasan dabaru a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta na intanet. Ku me ke sa ku cire kuɗi: demo (wato samfurin wasan na gwaji), rangwame, ko maganar aboki?

Injiniya Sule: Wa alaikumus salam. Ni demo ne. Masu wasan gina masana'antu na Factorio, wato kamfanin Wube na ƙasar Czech, ba sa yin rangwame ko kaɗan, a 2023 ma ƙari suka yi daga dala 30 zuwa 35. Amma demo ɗinsu kyauta ne, kuma ba ɗan tsakure ba ne. Bayan isha'i na zauna ina jera bel ɗin da ke kwasar tama zuwa tanda, ban ankara ba sai kiran assalatu. Tunda na san jira ba zai rage min ko kwabo ba, na biya. Kuma laftof ɗina ya tsufa. In na kunna demo fanka ta hau kuka, madannai suka ɗau zafi, na san wannan wasan ba nawa ba ne.

Bazazzagiya: Ni ƙanina ne ya turo min bidiyo cewa Sarauniya Amina na cikin shugabannin da ake zaɓa a wasan Civilization VII. Wallahi raina ya biya a take. Ya fito a Fabrairun 2025 kan dala 70, sai na leƙa sharhin waɗanda suka saya na ga ra'ayi ya rabu, musamman kan sauya al'umma daga zamani zuwa zamani. Na haƙura har aka yi ragi, sannan na saya.

Ɗan Fagge: Hajiya, ai Steam na mayar da kuɗi in abu bai yi miki ba.

Bazazzagiya: Haka ne Malam, amma sai in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga awa 2 ba. A wasan dabaru awa 2 ko taswira ba ka gama ganewa ba.

Baba Musa: Rangwame nake wa taka-tsantsan. Akwai wanda na samu a ragi mai yawa, ashe gangar jikin kawai na saya. Duk abin da abokaina ke yabawa yana cikin ƙarin da ake sayarwa daban, kuma in ka haɗa kuɗinsu sun ninka na wasan. Yanzu sai na duba farashin ƙarin tukuna. Kyauta kam ta yi min rana: Epic, wani kantin wasanni irin Steam, ta raba Civilization VI a Mayun 2020 lokacin kullen korona, a nan na fara.

Injiniya Sule: Ɗan Fagge, ka riƙa bibiyar Steam Next Fest, bikin baje kolin wasannin da ke tafe, ana yin sa a Fabrairu da Yuni da Oktoba, demo birjik. A na Oktoban 2022 na gwada Manor Lords. Ganin shanu na jan gungumen katako zuwa wurin gini ya sa na saka shi a jerin waɗanda nake jira, har ya fito a Afrilun 2024.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Yau in na sayi datar dare zan sauke demo ɗin Factorio. Injiniya, RAM ɗina 8GB ne, zai ɗauka?

Injiniya Sule: Zai ɗauka, nawa ma haka yake.