Musayar Waƙa: 'Ya'yan Baƙi a Ingila

'Yar Manchesta:
Salamu alaikum iyaye da yayye, ga nawa:

Shekarata 16, barci ya ƙi zuwa,
GCSE, jarrabawar gama sakandare, na matsowa, ƙirjina na bugawa.
Ƙarfe huɗun yamma a Disamba rana ke faɗuwa.
Takardar kuɗin haya ni ce ke karantawa,
Ni ce tafintar Inna, ciwonta ni ke fassarawa.
Nan su ce baƙuwa, Kano "Baturiya" ake cewa,
Wa zan kai wa kuka bai ce ina shagwaɓewa?

Kawu Ɗan Fagge:
'Yata, mu da fitilar ƙwai muka yi, ba mu san haka ba,
Wuta ba ta ɗaukewa gunku, ruwa bai yanke ba.
Ubanki na gadin dare a sanyi, bai koka ba.
Riƙe azkar, rage waya, wannan ba ciwo ba.
In ta ƙi, a turo ki gida, ba ki rasa dangi ba.

Anti Nas:
Yaya, ƙoshi ba ya hana zuciya rauni.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani:
Ɗaya cikin matasa bakwai na da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, ba ƙarya ba ce, sani.
Wanda ya ce a yi addu'a, shi ya ce a nemi magani.
"A turo ki gida" ke sa yaro ya ƙi faɗa wa wani.

'Yata, je gun likitan unguwarku ya tura ki CAMHS, sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati. Kyauta ne, sai dai layi da tsawo. Kafin nan akwai Childline, layin wayar taimakon yara, 0800 1111, dare da rana.

Ɗan Landan:
Ni nawa bai zo da kuka ba, faɗa ya zamo,
Malamai suka ce taurin kai, Baba ya ce ban ji ba tun can,
Ba wanda ya tambayi me ke ci na.
(A yafe amsa-amon, raina ne a ɓace.)

Kawu Ɗan Fagge:
Nas, kin kama ni, amma ban sauka duka ba:
Likitan Bature bai san kunyarmu ba.
A fara da uwarta, kar ta ji a bakin waje,
Ta ɗauka an kai ƙararta inda ba ta taɓa zuwa ba.

'Yar Manchesta:
Kawu, bakina ba zai iya furtawa,
Anti, ke za ki kira ta, ku manya kun fi jituwa.
Asabar da la'asar take tashi aiki, sai ki bari ta ɗan huta.