Saƙon RunDLL da foldoji sun koma shotkot: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

'Yar aji huɗu: Assalamu alaikum. Na kai filashi wani shago an yi mini firintin, na dawo na soka a laftof, sai na ga foldojina duk sun koma shotkot. Tun ranar kuma, da na kunna sai wani ɗan akwati ya fito da taken RunDLL, wai an kasa samun wani fayil mai suna barkatai. Wani ya ce sai fomatin, ga furojet ɗina a ciki. A taimaka don Allah.

Mai gyara a Farm Centre: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yarda a yi fomatin tukuna. Irin wannan ba a rasa kawo mini shi. RunDLL ɗin na Windows ne, ba bayiros ba ne. Bayiros kan rubuta kansa cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, sai Defender, mai kama bayiros na Windows, ya goge fayil ɗin, umarnin kuma ya rage. An kama ɓarawo ke nan, amma kullum ana kiran sunansa a layi. Ki duba adireshin da saƙon ya nuna. In a cikin foldar AppData ko Temp yake, to kusan ragowar bayiros ɗin ne. Ni Autoruns nake saukewa daga shafin Microsoft, manhajar da ke nuna wancan jerin, kyauta ne. Layukan da fayil ɗinsu ya ɓace rawaya suke fitowa. Ki nemi mai wancan sunan ki cire masa alama, ki bar sauran.

Mai kafe: Takardunki na nan, ɓoye su aka yi. Kada dai ki ƙara danna shotkot ɗin nan, dannawar ce ke tayar da cutar. Ki buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ki sa harafin filashinki a madadin E. Za su bayyana, ki kwashe, sannan ki yi wa filashin kaɗai fomatin. Ni na gaji da wanke kwamfutocin shagona, yanzu ta WhatsApp ko imel nake karɓar aiki.

Mai hoton biki: Ke taki da sauƙi, wallahi. Ni manhajar gyaran hoto ta sata aka ɗora mini, aka kashe Defender kafin a ɗora, wai zai hana. Washegari kowane hoto an ƙara masa haruffa huɗu a ƙarshen suna, ba ya buɗuwa, ga wata takarda _readme.txt a foldojin: dala 980, ko 490 in na biya cikin awa 72. STOP/Djvu ake ce masa, bayiros mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa. Na gwada manhajar kwancewa da kamfanin tsaron kwamfuta Emsisoft ya fitar a 2019, ta ce makullina irin wanda ke hannun ɓarayin ne. Ban biya ba. Katin kyamara ne ya cece ni da ban goge shi ba, amma hotunan wata walima sun tafi, har yau uwar amarya ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Duk wanda ya faɗa cikin wannan ya canza kalmomin sirrinsa daga wata na'urar, don yakan zo da mai satarsu.

Akanta: Ba kowane saƙo ne cuta ba fa. Tawa kwamfutar wani fayil VCRUNTIME140.dll ta ce babu. Visual C++ Redistributable na ɗora daga Microsoft, shi ke nan. Shafukan da ke raba dll ɗai-ɗai kam a guje su.

Mai gyara a Farm Centre: Haka ne Alhaji, shi ya sa nake cewa a ɗauki hoton saƙo da waya kafin a danna OK. Ƙanwata, bayan Autoruns ki shiga Windows Security ki zaɓi Microsoft Defender Offline. Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike kamar na minti 15, don haka ki sa caji tun da wuta. Turo mana hoton akwatin mu ga adireshin.